Noman Koren Wake a Garka da Abin da Ya Kamata ya Biyo Bayansa

Koren wake, wanda Faransawa ke kira petit pois, ba ɗan ƙasar Hausa ba ne. An fara nomansa a Gabas ta Tsakiya kimanin shekara 10,000 da suka wuce, kuma har yanzu bai rabu da halin ƙasashen sanyi ba. Ya fi jin daɗi idan ma'aunin zafi yana tsakanin 13 da 18. In zafi ya kai 30 lokacin da yake fure, furen yakan zube ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Wannan shi ya bambanta shi da waken gargajiya da ake shukawa cikin gero da damana, wanda zafi bai dame shi ba.

Saboda haka mai garka a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai ba shi da zaɓi sai lokacin ɗari. Iri mai saurin nuna yana bukatar kwana 60 zuwa 70. Wanda ya shuka a tsakiyar Nuwamba zai fara tsinka a ƙarshen Janairu. Wanda ya jinkirta har Janairu kuwa, furensa zai gamu da zafin da ke tasowa a ƙarshen Fabrairu, sai ya tashi da ganye kawai, ga kuɗin iri da wahalar ban ruwa sun tafi.

Shukar kanta ba ta da wuya. Ana binne ƙwayar a zurfin santimita 3 zuwa 5, da tazarar santimita 5 tsakanin ƙwaya da ƙwaya, da kamar rabin mita tsakanin layi da layi. Ba a yi masa dashe. Ana kafa masa karan dawa tun yana ƙarami don ya hau. Ruwa ya fi zama dole daga fure zuwa cikar kwanso, amma fangalin da ruwa ke kwanciya a ciki yakan ruɓar da saiwa. In ya fara nuna, a riƙa tsinka duk bayan kwana biyu ko uku, domin ƙwayar da ta ƙosa zaƙinta yakan koma gari, kuma tsiron yakan daina sabon fure.

Babban lissafi yana zuwa ne bayan girbi. An saba cewa wake yana gyara ƙasa, kuma gaskiya ne, sai dai ana yawan wuce gona da iri a maganar. A saiwarsa akwai ƴan ƙulle-ƙulle inda wasu ƙwayoyin bakteriya ke zaune, suna ɗauko sinadarin naitirojin, wato azot, daga iska suna ba tsiron. Amma mafi yawan wannan sinadari yana tafiya cikin ƙwayar da aka tsinke aka kai kasuwa. Abin da ya rage yana cikin saiwa da harawa. Wanda ya tumɓuke tsiron ya ba tumaki, to tumakin ya ciyar, fangalin bai samu kome ba. Abin da ya fi shi ne a yanke daga gindi, a bar saiwa ta ruɓe a ƙasa, sa'an nan a ƙara takin gida ko da kaɗan ne.

Kafin a yanke duka, yana da kyau a tono gindi biyu ko uku a duba. Ƙulli mai amfani yana manne ne a gefen saiwa, yana ɓallewa in an murza shi da yatsa, cikinsa kuma ja-ja ne. In kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura ta yi gululu wanda ba ya ɓallewa, wannan aikin tsutsar saiwa ne, wadda ido ba ya gani, kuma tana addabar garake masu ƙasar jigawa. Masu garka da yawa ba su rarrabe biyun.

Abin da aka gani a saiwar shi zai nuna abin da za a shuka. Da bazara ta kawo jiki, hannu yakan tafi ga kuɓewa, tun da tana son zafi kuma tana da kasuwa. In saiwar lafiya take, ba laifi. In akwai gululu, kuɓewa da tumatir da yalo duk abincin tsutsar ne, shuka su kiwonta ne kawai. A nan masara ta fi dacewa: tana da yunwar naitirojin, ba dangin wake ba ce, kuma tsutsar ba ta yi mata ɓarna sosai. Mai gaggawar kuɗin cefane yana iya watsa alayyafo, wanda ake yanka cikin sati uku zuwa huɗu.

Waken gargajiya kuwa kada ya bi koren wake a fangali ɗaya, ko da damana ta sauka, domin dangi ɗaya ne kuma suna tarayya a cututtukan saiwa da dama. Ana son a yi shekara uku ko huɗu kafin dangin wake su koma wuri ɗaya. A ƙaramar garka ana cimma wannan ta hanyar raba wurin gida huɗu: koren wake a na farko, kabeji ko salati a na biyu, albasa a na uku, tumatir da tattasai a na huɗu. Kowace shekara kowanne ya koma baya da gida ɗaya, yadda kabeji, mai cin taki, zai sauka inda wake ya tashi, albasa ta bi kabeji, tumatir ya bi albasa.