Tayar da Ta Tsufa a Tsaye

A cikin 'yan makonnin nan wani saƙo ya yi ta zagayawa ta WhatsApp a tsakanin danginmu da abokan zamanmu, har ya iso mini ta hannu uku, na ƙarshensu kuwa ɗan baffana ne, wanda a-kori-kurar mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ta faɗo a rabonsa na gado bayan ta shekara bakwai a kafe ƙarƙashin rumfa ana jiran magada su daidaita. Abin da saƙon ya ƙunsa a taƙaice shi ne wai tafiya ce ke tsufar da mota, shekaru ba su yi mata kome, saboda haka duk wadda malejinta bai nuna doguwar tafiya ba sabuwa ce fil, sai dai a ɗaura batir, a zuba mai, a hau titi. Ba sunan marubuci, ba sunan bakaniken da aka ji maganar daga bakinsa, sai wasiyya a ƙarshe cewa a tura wa 'yan'uwa don Allah. Mu da muka tashi muna jin malamai suna binciken isnadi kafin su karɓi ruwaya, bai kamata a ce magana maras asali irin wannan ta wuce ta hannunmu ba tare da tambaya ba.

Ba duka saƙon ne ƙarya ba, wannan kuwa shi ya sa ya sami karɓuwa. Gaskiya ne injin da bai yi aiki da yawa ba ƙarafansa ba su cinye ba, gaskiya ne kuma batir shi ne farkon abin da ke mutuwa a motar da aka ajiye. Amma cewa baƙin mai ba ya lalacewa sai an yi tafiya kuskure ne, gama danshi na taruwa a cikinsa, juye kuwa ba shi da tsada. Tayar da inji na minti biyar kowace safiya ba ya isa ya ƙone wannan danshi. Fetur da ya daɗe a tanki a tsiyaye shi, a kuma duba ɓarnar ɓeraye a wayoyi da ginin zanzaro a mashigar iska. Waɗannan duka in an yi sakaci da su, galibi asarar dukiya ce.

Abin da ya hana ni barci shi ne faɗar saƙon cewa muddin zanen taya bai suɗe ba, to, tayar lafiyarta lau, kome daɗewarta. Wannan magana tana iya kai mutum kabari tare da waɗanda ya ɗauka, kuma ina jin haushin wanda ya ƙirƙire ta ƙwarai, domin ya yi fatawa a kan abin da ba shi da iliminsa, alhali ba shi ne zai zauna a bayan mota a kan buhuna ba.

Haƙiƙanin al'amarin shi ne, taya roba ce da aka narka ta kama wayoyin ƙarfe da zaruruwa a cikinta, ƙarfinta duka yana ga wannan kamu, wanda ido ba ya gani. Iskar da aka hura mata tana ratsa robar sannu a hankali daga ciki, sinadarin oksijin da ke cikin iskar yana busar da ita, yana sa ta ƙandare, rana kuma tana dukanta daga waje, kuma gwargwadon tsananin zafi gwargwadon saurin wannan ɓarna, mu kuwa ba sai an gaya mana zafin bazara a ƙasar Hausa ba, inda ma'aunin zafi kan haura digiri 40. Masu ƙera taya sukan cuɗa wani irin kakin kariya a cikin robar, wanda yakan fito bisa fatarta a lokacin da take juyawa tana lanƙwasa. Tayar da aka kafe wuri guda shekara da shekaru ba ta samun wannan fa'ida yadda ya kamata, ga nauyin mota ya danne gefe ɗaya, ga iska ta ragu. Idan aka zo aka ɗora mata buhunan masara aka ɗauki hanyar Kano zuwa Zariya da tsakar rana, zafin kwalta da na gudu suka haɗu a kanta, sai kamun nan ya saki, bayan tayar ya ɓare kamar ɓawon rogo, da zanensa cif bai suɗe ba.

Akwai hujja a kan wannan. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi kimanin miliyan 6.5 a Amurka saboda ɓarewa, galibi a jikin motocin Ford Explorer, kuma ko da yake akwai aibin ƙira a cikin lamarin, an lura haɗurran sun fi yawa a jihohi masu zafi, an kuma ga irinsu a Saudiyya. Bayan wannan ne hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta tattaro tsofaffin tayoyi daga birnin Finiks na jihar Arizona, mai zafi kamar namu, ta auna yadda shekaru ke raunana su.

A kan wa'adi kuwa masana sun yi saɓani, ni ma ba zan yanke abin da ba su yanke ba. Kamfanin Ford ya ce a sauya taya bayan shekara 6, ko an mora ko ba a mora ba. Michelin ya ce daga shekara 5 a riƙa kai ta ga masani kowace shekara, in ta kai 10 a cire ta ko da tana sheƙi. Ba mai iya rantsuwa cewa wance za ta fashe ranar kaza, akwai ma wadda za ta zarce wa'adi ba ta yi kome ba, irinta ce ake kafa hujja da ita a majalisa. Abin da ya tabbata, wanda babu saɓani a kansa, shi ne zurfin zane ba ya shaidar lafiyar robar da ke ƙarƙashinsa.

Sanin shekarun taya kuwa ba shi da wuya. A gefenta akwai rubutun da ya fara da DOT, a ƙarshensa lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2314 na nufin mako na 23 a shekarar 2014. Wani lokaci a fuska ɗaya kaɗai ake buga su, sai an leƙa ta ciki. In aka ga lambobi uku, an yi ta ne kafin 2000. A duba har da tayar ko-ta-kwana, wadda kowa ke mantawa da ita, kuma a duba lambar nan ga duk wadda za a saya, musamman 'yar Kwatano. Hukuncin roba ɗaya ne a ko'ina cikin mota: tiyon birki, da tiyon lagireto, da bel ɗin inji, duk suna tsufa a tsaye, man birki kuma yana shan danshi, shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a sauya shi duk shekara biyu.

Ban ga laifin waɗanda suka gaskata ba, domin tayoyi huɗu a wannan zamani kuɗi ne mai nauyi, mutumin da ke lissafin kuɗin makaranta da na taki kuwa in aka zo masa da maganar da za ta sauke masa wannan nauyi, zuciyarsa za ta karkata gare ta tun kafin hankalinsa ya auna. Ga kuma ƙaunar abin da mahaifi ya bari, wadda takan sa ɗa ya ƙi ganin aibinsa. Da na je gidan ɗan baffana ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muka tsuguna tare muka goge ƙura, muka karanta lambar, sai ga tayoyin sun haura shekara goma, ga kuma 'yan tsage-tsage sirara kamar gashi a gefen ta baya. Ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, “Yaya, to, sai bayan kaka in na sayar da wake.” Na ce masa ya yi, amma kafin nan kada motar ta wuce ƙofar gida.