Daga situdiyon Sakkwato zuwa kunnen duniya

Masu saurarenmu daga Maraɗi har Sae Sabuwa sun saba da muryar nan mai karkarwa ta waƙoƙin finafinan Hausa, wadda manhajar Auto-Tune ke fitarwa. Wasu na raina ta, suna cewa mafakar marasa murya ce.

To amma a 2008, Mdou Moctar, Ba'abzine makaɗin gita ɗan Nijar, ya je Sakkwato ya ɗauki kundinsa Anar. Aka tace muryarsa da wannan manhaja, aka ɗora gangar kwamfuta, abin da ba a saba ji ba a kiɗan Abzinawa. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar da "Tahoultine" a 2011. Daga nan duniya ta san shi.