Hoton bakin mahaifa a lokacin goyon ciki: ina amfaninsa ga matan Rabah?

Sankarar bakin mahaifa ba ta zuwa farat ɗaya. Ƙwayar cutar HPV kan yi shekaru tana sauya fatar wurin kafin ya rikiɗe, kuma a wannan tsakanin ne ake iya tare ta. A 2020 mata kusan 12,000 suka kamu da ita a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. Rigakafin da aka fara a Oktoban 2023 na 'yan mata ne masu shekara 9 zuwa 14. Matan aure kuwa, sai dai gwaji.

A ƙauyukan Rabah, Wurno da Goronyo, da wuya mace mai lafiya ta je asibiti in ba awon ciki ya kai ta ba. Don haka lokacin awon ne damar yi mata gwajin. Sai dai ciki kan rikita idon mai duba, domin jini na taruwa a wurin har ya kumbura. Likitoci kuma na gudun yanka ko ƙona wurin, saboda zubar jini da haihuwar bakwaini. In an ga tabo a wurin, muddin ba a zargin sankara, ido kawai ake sawa, a ɗage magani sai makonni 6 bayan haihuwa. Da yawa ma kan warke da kansu.

A nan hoto yake da rana. Ƙananan na'urori irin su Gynocular da EVA, masu aiki da wayar salula, na ɗaukar hoton wurin bayan an shafa ruwan khal. Ana iya gwada na wata uku da na wata shida, a ga ko tabon ya ƙaru. Daga Rabah, ungozoma za ta iya tura shi ga ƙwararre a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, mai ciki ta huta da bin hanya a yankin da 'yan bindiga suka addaba.

Amma hoto ba ya maye gurbin gwajin tsoka a ɗakin bincike. Hoton yana buƙatar wuta da sabis, da yardar mace da mijinta, da tabbacin ba zai fita waje ba, domin al'aura ce. Babban cikas shi ne yawancin matan yankin a gida suke haihuwa, ba sa komawa asibiti.

Makonni 6 ɗin likita sun zo kusan daidai da arba'in ɗin mai jego. In aka ɗaura ranar komawa asibiti da ranar gama wanka, aka sanar da miji da uwar da ke kula da jego tun da wuri, hoton zai kai ga magani. In ba haka ba, an gano ciwo ne kawai an bar mace da fargaba.