Idan Mota Ta Ce Zafin Dakoro Ya Kai 55

A watan Afrilu da Mayu, lokacin da bazara ta kankama a Dakoro, mutum kan ajiye motarsa a bakin kasuwa, ya dawo bayan azahar ya tada ta, sai ya ga tablo ya rubuta 53 ko 55. Nan da nan a ɗauki hoto a watsa a WhatsApp, ana salati. Zafin kam gaskiya ne, ba mai musu, amma lambar ba ta iskar gari ba ce. Zafi mafi tsanani da Hukumar Yanayi ta Duniya ta amince da shi digiri 56.7 ne, wanda aka auna a Death Valley ta Amurka a 1913. Dakoro duk da ƙunarta 40 da ƴan kai take yi.

Mai yin wannan awo wani ɗan abu ne da makanikai ke kira sensa, baƙar roba mai waya biyu, bai fi ɗan yatsa ba. Abin da ke cikinsa yana tare wutar lantarki sosai in ya yi sanyi, in ya ɗau zafi kuma ya sakar mata hanya. Kwamfutar mota tana aika masa ƴar wuta, yawanci bolt 5, ta duba yadda ta wuce, ta mayar da shi lamba. A yawancin Toyota yana bayan ragar gaba, dab da lagireto. A Peugeot da Renault da dama kuwa ƙarƙashin madubin gefe yake.

Inda aka ajiye shi ne tushen ruɗanin. Ma'aikatan yanayi suna sa ma'auninsu cikin farin akwati mai ƙofofin iska, a inuwa, mita 1.25 zuwa 2 daga ƙasa. Na mota kuwa sau da yawa bai wuce gwiwar mutum ba, ga rairayi ko kwalta da suka sha rana a ƙasansa, ga inji yana huci a bayansa. Motar da ke tsaye zafin wannan lungu take faɗa maka. Ka kama hanyar Maradi iska ta buge shi, tun ba ka doshi Kornaka ba za ka ga lambar ta sauko. In ta sauko, motarka lafiya lau take, kada ka kashe ko dala. Haka in ka ga lambar tana jan ƙafa wajen hawa: da gangan aka yi wa motoci da yawa haka, sai sun ɗan yi gudu suke yarda da sabon awo, don kada hucin inji ya yaudare su.

Akwai kuma motocin da aka shigo da su daga Amurka ta Kwatano ko Lome, masu lissafi da ma'aunin can. In irin wannan ta rubuta 104, digiri 40 take nufi, 113 kuma 45 ne. A motoci da yawa ana sauya shi a saitin tablo.

Lalacewa ta gaske tana da alamunta. In ka ga -40, ko ƴan layuka ba lamba, yawanci waya ce ta tsinke ko soket ya cire. In lambar ta maƙale can sama ba ta motsi ko da asuba, a duba ko wayoyin biyu sun goge sun haɗe. In tana tsalle duk lokacin da mota ta faɗa rami, soket ne ya saki ko ya yi tsatsa. In kuma kullum tana ɗara gaskiya da 8 ko 10 har a kan babbar hanya, to sensa ya bar mazauninsa. Wannan na ƙarshe ya fi yawa a ƙasa irin tamu, inda mota ke kutsa rairayi da ƙaya zuwa rugage da kasuwannin ƙauye. An bugi akuya, bamba ta fashe, mai gyaran jiki ya gama aikinsa ya tarar da wani abu yana reto, sai ya ɗaure shi da roba a jikin lagireto. Da damina laka takan lulluɓe shi ta bushe. Motar da ke kwana kusa da rumbu kuma ɓera ba ya raga wa wayoyinta.

Wani zai ce, to mene ne, ai lamba ce kawai. A motar da na'urar sanyinta ke daidaita kanta, wannan lambar na cikin abin da take aiki da shi. In sensa ya ce mata ana ƙanƙara a waje, sai ta hana kwamfireso tashi, ka zauna kana zufa iska mai zafi na feso maka. Sai a je garaji, a ce, “Alhaji, gas ne ya ƙare.” A zuba gas, a karɓi kuɗi, sanyi bai zo ba. Daga nan a fara zargin kwamfireso, alhali waya ɗaya ce ta tsinke a bayan bamba. Ni dai makanikin da zai taɓa na'urar sanyi bai fara kallon lambar tablo ba, ban cika sakin jiki da shi ba.

Gwaji mai sauƙi da asuba ake yin sa, bayan mota ta kwana inji ya huce, rana ba ta fito ba. A ajiye ma'aunin zafi na gida kusa da ragar gaba, a ba shi ƴan mintuna, a kwatanta. Bambancin digiri 2 ko 3 ba laifi ba ne. Kada a dogara da abin da wayar hannu ta nuna, domin ita ba iskar ƙofar gidanka take aunawa ba, hasashe ne ta ɗauko daga intanet. In bambancin ya yi yawa, a leƙa da tocila a ga ko sensa na nan inda yake, a wanke laka, a cire soket a goge shi, a bi wayar da hannu. Sai an wuce nan za a nemi mai gyaran wuta ya sa mita. Zai auna sensan, ya dumtse shi a tafin hannu ko ya ɗora masa ƙanƙara. Mai lafiya lambarsa za ta riƙa sauyawa sannu a hankali, matacce kuwa ko gezau. In za a saya, a sayi na irin motar. A digiri 25 wani yana ba da wajen om 10,000, wani bai kai 2,000 ba, ko da kamanninsu ɗaya ne. Bayan an sa sabo, wata motar sai an ɗan zagaya da ita kafin lambar ta daidaita.

Kada dai a haɗa wannan da allurar zafin inji. Ita ruwan lagireto take aunawa, wanda ke aiki a wajen digiri 90, kuma sensanta daban ne, a jikin inji yake. In ita ce ta doshi ja, a ratse gefen hanya a kashe mota, kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce.