Tuhumar da Ba Ta Kai ga Hukunci ba: Nazari a kan Kakar Zaɓe a Ƙasar Maska

Duk wanda ya daɗe yana lura da siyasar kudancin Katsina, tun daga Funtuwa da Bakori har zuwa Malumfashi da Ƙafur, ya san cewa zancen dukiyar baitulmali yana da kakarsa kamar auduga: idan zaɓe ya gabato sai fuloti ya cika, kowane ɗan takara ya kawo nasa zargin a auna, da zarar an rantsar da wanda ya ci kuwa sai kasuwa ta watse. Abin da ya cancanci nazari shi ne dalilin da ya sa tuhumar ba ta cika kaiwa ga hukunci ba, da kuma asarar da hakan ke jawo wa manomin da da sunansa ake yin rigimar.

Hujja mafi kusa ita ce shari'ar tsohon gwamna Ibrahim Shehu Shema, wanda ya mulki jihar daga 2007 zuwa 2015. Bayan da Aminu Bello Masari, ɗan wannan shiyya daga Ƙafur, ya karɓi mulki, an kafa hukumar bincike, sannan a 2017 hukumar EFCC ta gurfanar da Shema bisa tuhumar da ta shafi kimanin naira biliyan 11 na ƙananan hukumomi. Ya musanta, shari'a ta yi ta jan ƙafa har ta leƙa Kotun Ƙoli ta dawo, sai ga shi a watan Fabrairun 2023, ana saura kwanaki a fara jefa ƙuri'a, gwamnatin jiha ta janye ƙarar. Ranar 18 ga Maris Dikko Umaru Raɗɗa na APC ya kayar da Yakubu Lado Ɗanmarke na PDP, a 2024 kuma Shema ya koma APC. Ni ban ce yana da laifi ba, domin alƙali bai faɗa ba, kuma shari'ar Musulunci ta ɗora kawo hujja a kan mai da'awa. Amma lalle an zalunci ɗayan biyu: in mutumin mai gaskiya ne, an ɓata masa suna shekara shida ba a wanke shi da hukunci ba, in kuwa dukiya ta salwanta, to talakawan ƙananan hukumomi 34 ne aka yafe haƙƙinsu ba da shawararsu ba.

Asalin cutar, a ganina, yana ga asusun haɗin gwiwa, inda kuɗin ƙaramar hukuma ke biyawa ta hannun jiha kafin ya isa Ɗanja ko Faskari, ta yadda mai unguwa da dagaci, balle talaka, ba su san abin da ya shigo ba, ballantana su tambayi inda ya tafi. Ga kuma ikon da sashe na 211 na tsarin mulki ya bai wa babban lauyan jiha na janye ƙara, alhali shi kansa naɗin gwamna ne. Idan aka haɗa waɗannan da sauƙin sauya sheƙa, sai tuhuma ta zama hajar ciniki tsakanin manya. Shi kuwa mai ƙuri'a, wanda talauci ya sa taliya da sabulu da turmin atamfa suka yi masa girma a ranar zaɓe, ya riga ya yanke ƙauna, kalmarsa ɗaya ce: duk kanwar ja ce.

Haka al'amarin ya kasance a bashin noma na Anchor Borrowers, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Kebbi cikin Nuwamban 2015, Babban Banki kuma ya zuba masa fiye da naira tiriliyan ɗaya a ƙarƙashin Godwin Emefiele. Mutanen Maska sun sa rai ƙwarai, musamman a 2019 da aka hana masu shigo da yadi canjin dala na gwamnati aka kuma raba irin auduga a Katsina, domin ƙasar da Turawan kamfanin BCGA suka kafa wa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi ba ta manta zamanin da auduga ke aurar da 'ya'ya ta kai mutum Makka ba. Sai dai bashin da aka raba da ƙamshin siyasa, da yawa suka ɗauke shi rabonsu ne na gwamnati, manoman takarda suka cusa kai, kaso mai yawa bai dawo ba. A Mayun 2022 kuma aka ji wasu ƙungiyoyi, ciki har da ta manoman shinkafa, sun saya wa gwamnan bankin takardar neman takarar shugaban ƙasa ta naira miliyan 100, yana kan kujerar amanar kuɗin al'umma.

Sannan canjin takardun naira na Babban Bankin ya zo, wanda aka ce zai hana sayen ƙuri'a. Wanda ya shiga kasuwar hatsi ta Ɗandume a Fabrairun 2023 ya ga manomi zaune a kan buhunan masararsa tun hantsi, dillali na cewa sai dai taransfa, shi kuwa ba shi da asusun banki, har la'asar ta yi ya sallama wa mai tsabar kuɗi a farashin da bai kai ba, don kawai ya sami na mota da na cefane. An dakatar da Emefiele a Yunin 2023, aka gurfanar da shi, ya musanta. Amma asarar wancan manomi ba ta cikin takardar tuhumar kowa.

Illar wannan ga tattalin arziki a bayyane take. Mai jari ba ya sakin jiki inda alkawari ke mutuwa da wa'adin gwamnati, manomin kirki kuma, wanda ya biya bashinsa, shi ke rasa rance na gaba saboda laifin wanda bai biya ba. Tashar tsandauri ta Funtuwa, wadda aka buɗe a Mayun 2024, alheri ce babba, amma kaya take jira, kayan kuwa suna gonakin Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, inda 'yan bindiga suka hana mutane da yawa noma.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta hukunta cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kason da ya ƙaru ainun tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Hukuncin ya nufi kusanto da kuɗin ga jama'a, amma bai wajabta wa kowa karanta musu lissafi ba. Wannan aiki ya rage ga malamai da ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwar ƙananan hukumomi 11 na shiyyar Funtuwa, su nemi kowane shugaban ƙaramar hukuma ya liƙa abin da ya shigo da abin da ya fita a ƙofar sakatariya duk wata, da Hausa, tun kafin gangunan 2027 su fara tashi.