Atamfa Ba Ta Tsufa, Ɗinki Ne Ke Tsufa

Uwa za ta sayi atamfa mai tsada daga Kantin Kwari, amma ran Lahadi ta fito kamar ta ari kayan kakarta. Laifin ba na atamfar ba ne. Akwai atamfar UNTL ta Kaduna a akwatunan iyayenmu tun kafin masaƙar ta tsaya a 2007, har yau tana da kwarjini.

Matsalar tana wajen awo. Mace ta haifi 'ya'ya huɗu, ƙirji da damtse sun canja, amma ba ta zuwa tela ya auna ta. Sai ta aiki yaro da tsohuwar riga, wai a yi irinta. Tela kuwa ba ruwansa, zai kwafe har da soson kafaɗa na yayin shekarun 1980. Wata kuma don ɓoye tumbi sai ta ce a ƙara faɗi ko'ina, ta koma kamar buhu. Kunya ce? A nemi tela mace.

Rigar mama da ta saki ma tana ɓata ɗinki. Zane kuwa a juya shi, a shanya a inuwa, kada rana ta cinye launinsa.