Ƙidayar Sheƙar Tsuntsaye da Amfaninta ga Manomi

Da an shiga watan Afrilu zuwa Mayu, mutanen ƙasar Sara da Gwaram da Birnin Kudu su kan zuba ido bisa manyan itatuwan gari suna jiran shamuwa. Ran da aka gan ta ta sauka kan tsamiya ko kuka tana jan kirare, sai magidanci ya ɗauko sungumi ya duba ƙota, ya kwance iri, don ya san ruwa ya kusa. Wannan ilmi ne na kaka da kakanni, kuma na gaskiya ne. Shamuwa tana cin rani can kudancin Afirka, wajen su Zambiya da Zimbabuwe, ta biyo damina ta zo nan ta yi sheƙa.

Amma akwai tambaya biyu da ba a cika yi ba. Bana sheƙa nawa aka yi a garin? Cikinsu kuwa 'ya'ya nawa suka yi fiffike suka tashi? Amsar waɗannan ta shafi rumbun manomi fiye da yadda a ke zato.

YAWAN MANYA YA KAN RUƊI MUTUM

Wanda ya ƙirga manyan tsuntsaye kaɗai, rabin labari ya samu. Babban tsuntsu ya kan yi shekaru da yawa a duniya. Ko da 'ya'yansa suna mutuwa kowace shekara, shi za a riƙa ganinsa, mutane su ce ai suna nan. Sai ran da tsofaffin suka ƙare a duba a ga babu magaji. Kamar garken shanu ne wanda ba a samun maruƙa cikinsa: bana garke ne, baɗi garke ne, wata shekara sai igiya.

Abin da ya sami ungulu ke nan. Dattawa sun san lokacin da ba a yanka dabba a mahauta sai ta sauka tun ba a gama fiɗa ba, har a ke mata kirari, ungulu ba ki jewar banza. Yau a garuruwa da yawa na Arewa yaro ya kan girma bai gan ta ba. Ƙwai ɗaya tak ta ke yi, da rani, bisa dogon itace kamar rimi ko giginya. Ta yi wajen kwana 50 tana kwanci, ɗan kuma ya yi wata uku ko fiye kafin ya tashi. In an sare itacen, ko an ɗauke ƙwan, ko an kama uwar an kai wa masu neman kanta don tsibbu, to, shekarar nan duka ta tafi a banza. A 2015 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke shirin ƙarewa ta sa ungulun gari cikin waɗanda suka kai gargara.

Kada a ce ina ruwan manomi. A ƙasar Indiya, daga wajen 1990, wani maganin ciwon jiki da a ke yi wa shanu ya riƙa kashe ungulayen da suka ci mushensu, har fiye da tara cikin goma suka mutu. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. A 2006 gwamnatin ƙasar ta hana ba dabbobi maganin, amma ɓarna ta riga ta auku.

MA'AIKATAN DA BA A BIYA

Shamuwa fara da tsutsa ne abincinta, kuma daidai lokacin da shuka ke ƙarama ta ke ciyad da 'ya'yanta. Ƙwai biyu ko uku ta kan yi, ta yi wajen wata guda tana kwanci, 'ya'yan su yi kusan wata biyu a sheƙa. Duk tsawon kwanakin nan daga gonakin gari iyayen ke ɗebo ƙwari. Belbela, ci da motsin wani, tana bin shanu da garma tana tsince abin da suka tayar. Mujiya, wadda a ke jifa a ke tsine wa, ɓeraye ta ke kwana kamawa a gindin rumbu. Kowace sheƙa ta waɗannan da ta lalace, ɗan ƙodago ne manomi ya rasa.

JAN-BAKI

Ga kuma ɗaya gefen. Jan-baki ɗan tsuntsu ne wanda bai cika tafin hannu ba, amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Masana sun ƙiyasta garke mai tsuntsu miliyan 2 ya kan ci hatsi tan 20 a yini guda, watau buhu 200 na kilo ɗari-ɗari. Haihuwarsa kishiyar ta ungulu ce. Da marka su kan taru dubbai su saƙa sheƙa cikin itatuwan ƙaya ko ciyawar fadama. Ƙwai uku a kan samu, a ƙyanƙyashe cikin kwana 10 zuwa 12, bayan kamar mako biyu 'ya'ya su bar sheƙa. In ruwa ya yi kyau, iyayen su yi gaba inda ciyawa ke nuna su sake wata haihuwar.

Wani Bature masanin tsuntsaye, Peter Ward, ya bi su a ƙasar Barno wajen Tafkin Cadi, ya buga abin da ya gano a 1965. Ya tarar 'ya'yan ciyawar daji ne ainihin abincinsu. Sai sun rasa wannan, ko sabbin 'ya'ya sun fito da yawa daidai da nunar hatsi, sa'an nan gona ke shan wuya. A Jihar Jigawa kwarin Haɗejiya ne babban masaukinsu, inda ciyawar kacala ta mamaye fadamu bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992. Ƙasar Sara tana kudu da nan ƙwarai, amma tsuntsu ba ya tambayar iyaka, mai shinkafa a fadama da mai gero da dawa a tudu ba su da dalilin sakin jiki.

Feshin da a ke yi da jirgin sama ya kan rage su a wuri guda, ba ya ƙarar da su, don damina ɗaya mai kyau ta isa su mayar da abin da aka kashe. Shaho da shirwa da suka ci gawarsu kuwa su kan mutu, su ko ba su da saurin haihuwa irin wannan. Saboda haka sanin inda jan-baki ya kafa sheƙa da wuri ya fi feshi bayan ya faɗa gona. Rigakafi ya fi magani.

YADDA A KE ƘIRGAWA

Aikin ba ya bukatar kuɗi, sai littafi da fensir da haƙuri.

1. A zaɓi itatuwa sanannu, kamar kukar bakin kasuwa ko tsamiyar ƙofar dagaci, a riƙe su kowace shekara, kada a sauya.

2. A rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa, da ranar ruwan shuka.

3. Sau ɗaya a mako, da sassafe, a ƙirga sheƙar da ke da tsuntsu ciki. Daga ƙasa za a duba. Kada a hau, kada a bar yara su taɓa ƙwai.

4. Da 'ya'ya sun girma suna tsayawa bakin sheƙa, a ƙirga su. Alal misali, a ce sheƙa 10 sun fid da 'ya'ya 20, watau biyu-biyu ke nan. In baɗi sheƙa 10 ɗin nan suka fid da 8, to, a bincika: iska ce ta zubar, ko sassabe, ko maganin ƙwari da aka fesa kusa?

5. Wanda ya ga ungulu ya rubuta wuri da rana da yawansu. Wanda ya ga jan-baki na saƙa ya gaya wa mai unguwa da malamin gona ran nan, kada ya kwana.

Kowa da rabonsa cikin aikin. Manomi ne ke da ido, don kullum yana daji. Ɗan kasuwa ke da kunne, don ran kasuwar Sara labarin ƙauyuka da yawa ke haɗuwa wuri guda. Akawu da malamin makaranta ke da alƙalami. Littafin shekara ɗaya ba ya faɗin kome, amma na shekara biyar ya fi ƙwaƙwalwar kowane dattijo riƙon lissafi.

Irin wannan aiki ba baƙo ba ne a Nijeriya. A 2015 cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos ta kafa shirin zana taswirar tsuntsayen ƙasa duka. Aka yanka ƙasar gida-gida, kowane gida wajen kilomita 9 tsawo da faɗi, mai sha'awa ya zaga gida guda aƙalla sa'a biyu, ya rubuta duk irin tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa, ya aika ta wayar hannu. Samarin Arewa da dama sun shiga. Baƙo ya kan zo ya duba kwana ɗaya ya wuce. Mai gari shi ya san wace kuka ce shamuwa ta ƙaurace wa, da shekarar da ta daina zuwa.

Saboda haka, kafin a kai gatari gindin tsohon itace, a ɗaga kai a duba ko akwai sheƙa. In akwai, a bar shi, a rubuta. Don tuwon gobe a ke wanke tukunya. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.